Inda Muka Sauke Na'urar Iska

Tagar ɗakin Mma, mahaifiyata, bayan gida take kallo, bayan gidanmu kuwa nan ne filin 'yan babbaka. Da an idar da sallar asuba mahauta za su fara kawo kawunan shanu da ƙafafu da fatun da za a yi ganda da su, a jibge a bakin kwata. Sai a yayyanka tsofaffin tayoyin mota, a cinna musu wuta, a riƙa juya fata a kai har gashin ya ƙone. Hayaƙin taya ba irin na itace ba ne. Baƙi ne, ga nauyi, ba ya son tashi sama. Idan aka kwana ana ruwa, kwanciya yake yi a lungu yana bin bango, kuma tagar Mma ce ta farko a hanyarsa. Farin mayafi ba ya daɗewa yana fari a ɗakin nan.

Marigayi Baba mahauci ne, kuma shi da abokansa suka fara babbaka a filin. A zamaninsu da itace ake yi. Da itace ya yi tsada sai 'ya'yansu suka koma taya. Saboda haka masu ƙona tayar nan ba bare ba ne. Da yawansu Mma ta goya su, su ma Mma suke ce mata, kuma ba a yin mako ba su aiko mata da ƙafar saniya ba. Za ta karɓa tana tari tana sa musu albarka.

Ni ce 'yar da ta rage a gida. Ɗinki nake yi, kekena yana baranda, don haka duk tarin da ta yi a kunnena yake. Abin ya fara da tari na safe, ya zama fuka, har ya kai idan ta tashi daga tabarma zuwa bakin randa sai ta tsaya ta dafa bango. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce magani zai taimaka, amma ko hayaƙin ya bar ta ko ita ta bar hayaƙin. Yayana yana can arewa a garin Tamale, yana da gidansa, har ya gyara mata ɗaki. Mma ta ƙi ƙememe. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, a nan aka yi wa mijinta wanka aka fita da shi, ba inda za ta. Yaya ya ce to, ya ba mu zuwa damina mai zuwa. Idan ba abin da ya canza, zai zo da mota, ko ta yarda ko ba ta yarda ba.

Ni dai ba ni da haƙurin Mma, kowa ya sani a unguwa. Na sha fita bayan gida da almakashi a hannu in zazzage wa 'yan babbaka abin da ke cikina. Babbansu, wanda nake kira Kawu saboda aminin Baba ne, ba ya ɗaga murya. Sai ya bari na gama, ya ce, "'Yata, ni ma shi nake shaƙa. Ki kawo mini murhun gas da abin da zan zuba masa, gobe ba za ki ƙara ganin taya a nan ba." Na je wajen asambuliman ɗinmu, wakilin unguwa a majalisar gari. Ya ce maganata gaskiya ce, amma kowace unguwa cewa take tata iskar ta fi lalacewa, mutanen ofis kuwa ba sa aiki da bakin mutum, shaida suke so. Na dawo gida raina a ɓace, ina tunanin ta yaya mutum zai ɗauki hayaƙi a kwano ya kai ofis.

Ana cikin haka wata malama daga jami'a ta zo unguwarmu. 'Yar Asante ce, doguwa, ba ta da yawan magana, Hausarta ta gaisuwa ce kawai, saura da yarensu na Twi muke yi. Asambuliman ne ya kawo ta. Ta ce suna da wasu na'urori masu auna dattin iska, za su kakkafa su a sassan gari. Za a sa ɗaya wajen tashar Kejetia, ɗaya wajen Magazin inda makanikai suke, mu kuma ɓangarenmu gaba ɗaya guda ɗaya ce ta same mu. Abin da na'urorin suka nuna shi za a miƙa wa hukumar gari, domin ana maganar taimakon masu sana'ar wuta da murhun gas, kuma ba a san inda za a fara ba. Da na ji kalmar gas sai na ajiye ɗinkin da ke hannuna na bi su.

Ta yi kwanaki tana zagaya unguwa a ƙafa, ni kuma na maƙale mata kamar ni aka aiko. A nan na koyi cewa ba ko'ina ake kafa abin ba. Ba ta son wurin da bango ko bishiya suka tare iska. Ba ta son a rataye ta daidai kan murhun mutum ɗaya, don kada ta auna tuwon gida ɗaya a ce iskar unguwa ce. Tana son inda akwai lantarki, inda ɓarawo ba zai miƙa hannu ya cire ba, kuma tsayin kada ya wuce kan mutum da yawa, tunda abin da hanci yake ja ake nema. Fiye da komai tana son wurin da mutane suke kwana suna tashi. Ta duba bangon makarantar allo, ta duba rumfar masu koko a bakin titi, ta duba shagon mai aski. Sannan na ja ta zuwa bayan gidanmu.

Ta tsaya a gindin tagar Mma, ta dubi filin babbaka, ta dubi jerin ɗakunan da ke bin lungun. Ta shafa yatsa a gilashin tagar ta duba yatsan. Ta tambaye ni ko akwai lantarki a ɗakin, na ce akwai. Ta ce, "Irin wurin da nake nema ke nan. Ba a cikin wutar ba, amma inda take samun mutane." Wallahi ranar har abinci ya fi mini daɗi. Na kira Yaya na ce masa ya ajiye maganar motarsa, shaida ta zo har gida.

Abin da na manta shi ne a zango, wato unguwar Hausawa irin tamu, ba a sauke baƙo sai manya sun ce ga masaukinsa. Haka muka tarar. Fataken shanu idan sun zo daga arewa, akwai gidan da suke sauka. Malami mai wa'azi idan ya zo, an san wanda zai ba shi ɗaki. Ba a barin baƙo ya zaɓa da kansa, domin idan ya kwana a wurin banza, unguwa ce ta ji kunya. To na'urar nan, tun da aka ji daga jami'a take kuma manyan gari za su riƙa zuwa duba ta, sai aka sa ta a layin baƙi.

Aka taru a zauren mai unguwa bayan la'asar. Akwai liman, akwai Kawu, akwai Alhaji mai bene, dillalin shanu wanda gidansa ya fi kowane tsawo a wajenmu, hawa uku. Mu mata muna daga bakin ƙofa. Malamar ta faɗi wurin da ta zaɓa, asambuliman ya fassara.

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "A gaya mata mun gode. Amma abin da za a riƙa kawo manyan mutane suna dubawa, a rataye shi a kan kwata, a bayan ɗakin matar da mijinta ya rasu? Dama can ana cewa zango ƙazanta. Mu kuma da hannunmu mu kai baƙi inda ya fi ko'ina."

Alhaji ya ce ai magana ta ƙare, ga saman benensa. Akwai sola, wuta ba ta ɗaukewa. Akwai mai gadi. Ga iska, ga tsabta. Ya ce tun zamanin mahaifinsa baƙon unguwa a gidansu yake sauka, ba zai fara jin kunya a kan ɗan akwati ba. Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, na san shi, mutumin kirki ne.

Malamar ta yi musu bayani a natse. Ta ce idan aka sa a saman bene za ta yi aiki, za ta nuna iskar da ke yawo a saman wannan ɓangare na gari, kuma wannan ma abin sani ne. Amma ba za ta nuna abin da masu kwana a lungun suke shaƙa ba. Ta maimaita, don kada a ce ba ta faɗa ba. Ta kuma ce ba za ta kafa komai a bangon kowa ba sai da yardar mai bango da ta unguwa, domin na'urar da mutane ba sa so ba ta daɗewa a wuri.

Ni duk zatona Kawu ne zai tashi ya yi faɗa, tunda sana'arsa ce za a tona. Sai ya ce, "Bangon na Mma ne. Idan ta yarda, ni ba ni da ta cewa." Na ji sanyi a raina. Na ce shi ke nan, an gama, tunda ƙirjinta ne.

Aka taso aka zo gidanmu, malamar da asambuliman da mai unguwa. Mma ta sa na shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, na kawo ruwa. Ta saurari bayanin duka tana jan carbi. Da aka gama ta dubi malamar ta ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma ni tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa sauke baƙo a bayan gida ba. Alhaji ya ba ku wuri mai kyau, ku karɓa."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. A gaban mutane ba na musu da ita, don haka na haɗiye. Da suka fita kuwa ban bari ta shiga ɗaki ba.

Na ce, "Mma, wane irin baƙo? Akwati ne. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya jin wari."

Ta ce, "Masu zuwa duba shi suna ji."

Na ce, "Ai don su ji aka kawo shi."

Ta yi tari mai tsawo, ta goge baki da gefen mayafi, sannan ta ce, "So kike a je ofis a ce 'ya'yan abokan ubanki ne suke kashe ni? Daga bangona?"

Na ce, "To ba su ba ne?"

Ta shiga ɗaki ta sako labule. Na zauna a gaban keke har magariba ban ɗinka ko hannun riga ba. Na ji haushinta ranar, haushi sosai, irin wanda ban taɓa ji ba. Washegari na bi maƙwabtan lungun ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ba da bangonsa. Kowa ya ce tunda mai unguwa ya yi magana, kuma Mma da kanta ta ƙi, shi wane ne.

Aka kafa na'urar a saman benen Alhaji. Ya sa an share wurin an yi fenti, har ya kira mai walda ya yi mata 'yar rumfar kwano mai bango uku don kada rana ta dame ta. Malamar ta roƙe shi a cire bangon a bar rufin kawai, ya yarda da ƙyar. Matansa suka dafa wake da shinkafa, liman ya yi addu'a, aka ci aka watse. Ni ban hau ba. Daga barandata ina hango ta, 'yar fara kamar kwanon sha da aka kife.

Wani abin da ya ƙara ƙona mini rai, duk ranar da motar malamar za ta zo, 'yan babbaka ba sa kunna wuta sai ta tafi. Idan kuwa ta zo ba zato, sai su watsa wa wutar ruwa. Ba wai don su yaudare ta ba. Haka suke yi idan za a wuce da amarya, ko an yi baƙi daga nesa, ba a tura wa baƙo hayaƙi. Na kai mata ƙara. Ta ce ta lura, kuma wannan ba komai, na'urar tana aiki kullum ko tana nan ko ba ta nan. Damuwarta tsayin benen ne, da kuma iskar da yawanci take kaɗa hayaƙin ta wancan gefen.

Watanni suka wuce. Ta dawo zauren mai unguwa ta nuna sakamako a waya, launi-launi. Na Kejetia da na Magazin ja ya yi musu yawa, alamar iska mai datti. Namu yawanci rawaya ne, wani lokaci har kore. Manya suka ji daɗi ƙwarai. Liman ya ambata bayan sallah cewa ga shi masu ilimi sun auna, zango ba yadda ake faɗa ba ne. Alhaji ya riƙa hawa da baƙinsa yana nuna musu. Malamar ta same ni a baranda ta ce ta bayyana wa hukuma cewa tamu a sama take, ba ta wakiltar lungu, kuma tana neman a ba ta wata ta biyu. Na yarda da ita. Amma wanda aka ba shi murhu kaɗan ya raba, aka ajiye masa ja da rawaya a gabansa, wajen ja zai nufa. Ni ma da ni ce haka zan yi. Taimakon ya tafi wani wuri.

Ruwan farko na damina bai daɗe da sauka ba aka kwantar da Mma a asibiti. Da aka sallame ta Yaya bai ƙara tambayar kowa ba, ya zo da mota. Wannan karon ba ta yi gardama ba, ƙarfin gardamar ma babu. Muka ɗaure kayanta, akwatin ƙarfenta na aure da tabarmar sallah da tukwanen da ta ce ba za ta bari ba.

Da safen tafiyar ta ce sai ta yi sallama da gidan Alhaji, ba a barin unguwa ba a yi wa maƙwabta ban kwana ba. Muka raka ta. Bayan an gaisa an yi koke-koke da matan gidan, sai ta ce tana son ta ga abin nan da aka yi ta magana a kansa. Yaya ya ce, "Mma, hawa uku ne fa." Ta ce ta sani. Shi ya riƙe ta ta dama, ni ta hagu, muna hawa muna hutawa. A duk shekarunta a unguwarmu ta Aboabo ba ta taɓa hawa saman benen nan ba, ni ma haka.

Da muka fito sama iska ta buge mu, mai sanyi, mai ƙanshin ruwan da aka yi jiya. Ga rufin kwano ko'ina, ga hasumiyoyin masallatai, har can nesa ana hango wajen Kejetia. Na'urar tana ƙarƙashin rumfarta fes, ko ƙura babu. Mma ta dube ta sau ɗaya ta kau da kai. Aka kawo mata kujera ta zauna. Ta ja numfashi, ta sake ja. Ina jiran tarin, bai zo ba.

Ta ce, "Ashe akwai iska haka a unguwar nan."

Can ta ce in nuna mata tagarta. Na kai ta bakin katanga na nuna da hannu. Ta ƙanƙance ido ta ce ba ta gani. Na ce tana cikin hayaƙin. Daga sama lungun namu baƙi ne gaba ɗaya, hayaƙin ya kwanta a kansa kamar an rufa masa bargo, ko rufin ɗakin ba a gani sosai. Ta daɗe tana kallo. Yaya ya ce hanya da nisa, ta ce a bar ta ta ɗan ƙara.

Muna tsaye sai baƙin ya fara sirancewa, farin tururi ya taso a madadinsa. Na gane ruwa ake watsa wa wutar. Kaɗan-kaɗan rufin ya fito, sannan bangon, sannan tagar, da labulenta da muka manta ba mu cire ba. Ga Kawu da mutanensa sun ajiye aiki sun fito bakin lungu, sun jeru kusa da motar Yaya suna jira.

Mma ta ce, "Me ya sa suka kashe? Ai ba su gama ba."

Na ce, "Sun ji za ki wuce ne."

Ta gyara mayafinta ta ce, "Wato yau ni ce baƙuwar."

Ta miƙa wa Yaya hannu, muka fara sauka. Kafin mu kai hawa na ƙasa tarin ya dawo.